Yadda Ɗaliban Injiniya Suke Mulkin Kansu a Jami'o'in Kanada

 A wannan fili namu na faɗakarwa yau, in Allah ya yarda, za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Kanada, mu leƙa tsangayoyin koyon aikin injiniya na jami'o'inta, domin mu ga yadda ɗalibai, samari da 'yan mata waɗanda galibinsu ba su daɗe da cika shekara ashirin ba, suke kafa wa kansu hukuma, su zaɓi shugabanni, su tara dukiya, su kashe ta, kana su zauna su yi wa juna hisabi a kanta.

Duk wanda ya taɓa zama cikin wata jam'iyya, ta 'yan kasuwa ce ko ta masu sana'a, ya san cewa abin da ke riƙe da ita shi ne dattawanta, waɗanda suka daɗe a ciki har suka san asalin kowace doka da dalilin kowace al'ada, in rigima ta taso a koma gare su. To, ƙungiyar ɗalibai ba ta da dattawa, ba kuwa za ta taɓa samun su ba, gama wanda ya shigo bana baƙo ne, kafin ya gama sanin ƙofofin makaranta shekara ta juyo, kafin ya goge a sha'anin shugabanci an miƙa masa takardar shaidarsa ya kama gabansa, har ya zama cikin shekara huɗu ko biyar babu ko mutum guda da ya rage daga waɗanda aka soma da su. Amma duk da wannan illa da aka haife ta da ita, ƙungiyar ɗaliban injiniya ta Jami'ar Toronto, wadda aka kafa a shekarar 1885, tana nan da ranta har yau, ta ba shekara ɗari da talatin baya, tana da kanti, da jaridu, da asusu a banki, da ma'aikaci mai albashi. Tambayar da za ta ɗauke mu tsawon wannan shiri ita ce, mene ne ya riƙe ta, alhali masu ita kullum wucewa suke yi?

Asalin al'amarin shi ne, gwamnatin lardin Ontariyo ta kafa wata makaranta ta koyon kimiyyar aiki a birnin Toronto, tushen tsangayar injiniya ta wannan jami'a, wadda ta buɗe ƙofofinta a wani ginin jan bulo a 1878, aka kuma ɗauki wani malami mai suna John Galbraith ya koyar da injiniyanci a cikinta. Bayan shekara bakwai ɗalibanta suka kafa ƙungiyarsu, wadda a farkon lamarinta ta fi kama da majalisin ilimi, inda za a taru, ɗalibi ko wani injiniya da aka gayyato ya karanta maƙala a kan abin da ya sani na sana'ar, a yi muhawara, daga baya a buga maƙalolin a littafi domin masu zuwa. Shi Galbraith ne ya fara riƙe shugabancinta, amma a 1888 sai kujerar ta koma hannun ɗalibi, wani saurayi mai suna Herbert Haultain, wanda za mu sake jin sunansa nan gaba. Ni a ganina wannan janyewa da malamin ya yi tana daga cikin manyan alherin da ya yi wa almajiransa, domin da ya ci gaba da zama a kai, da ƙungiyar ta dogara ga hikimarsa, ranar da ya kau kuwa ta bi shi. Da ya sakar musu ragama sai tilas ta sa suka nemi abin da zai maye gurbin dattijo, suka same shi a cikin rubutacciyar ƙa'ida, da littafin lissafi, da rabon iko tsakanin hannuwa da yawa.

A yau duk ɗalibin da ya yi rajista a tsangayar injiniya ta wannan jami'a, ya kuma biya kuɗinsa, ya zama ɗan ƙungiya ke nan, ba sai ya nemi a shigar da shi ba. Iko mafi girma yana hannun babban taron 'yan ƙungiya, wanda ake kira aƙalla sau ɗaya a shekara, a karanta rahoton kuɗi, a tabbatar da gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki ko a yi watsi da shi. Amma tun da yake dubban mutane ba za su iya taruwa kowane wata ba, sai suka wakilta wata majalisa da ta ƙunshi wakilan sassan karatu, wato masu koyon gine-gine da hanyoyi, da masu koyon injuna, da na lantarki da kwamfuta, da na sinadarai, da na ma'adinai da sauransu, tare da wakilan 'yan ajin farko, waɗanda ake zaɓa bayan sun shigo domin kada a ce baƙo ba shi da baki. A ƙarƙashin wannan majalisa ne shugabannin zartarwa suke, su biyar: shugaba, da mataimaka huɗu, ɗaya na kuɗi, ɗaya na sadarwa, ɗaya na harkar karatu, ɗaya na walwalar ɗalibai. Ku lura da cewa na ce a ƙarƙashinta suke, domin nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Shugaban ƙungiya, duk da cewa shi ne fuskarta a gaban hukumar jami'a, ba shi da ikon kashe abin da majalisa ba ta amince da shi a kasafi ba, dole ne kuma ya zo gabanta ya ba da rahoton abin da ya aikata, in ya kauce kuwa akwai hanyar tsige shi a rubuce cikin kundi.

Daga nan sai ɗimbin masu riƙe da ƙananan ayyuka, kowa da abin da aka damƙa masa: wannan shi ke kula da kantin sayar da littattafai da kayan zane, wancan da ɗan shagon shayi da abinci, wani da jarida, wani da makon tarbar sababbin ɗalibai, wani da taskar tsofaffin takardun jarrabawa. Galibinsu ba a biyan su ko kwabo. Kowane sashen karatu kuma yana da tasa ƙaramar ƙungiya, kowane aji yana da wakilinsa. Waɗannan ba sai mun tsaya a kansu ba.

Inda ya kamata mu tsaya shi ne wajen wasu mutum biyu zuwa uku waɗanda ba su da farin jini irin na shugaba, ba a kuma liƙa hotunansu a bango lokacin zaɓe, amma in babu su ginin duka ya zube. Na farkonsu kakakin majalisa, wanda aikinsa ya jagoranci zama ba tare da ya karkata ga kowane ɓangare ba, ya ba kowa damar magana gwargwadon haƙƙinsa, ya tsayar da shugaban ƙungiya kansa in ya zarce lokacinsa. Na biyu baturen zaɓe, wanda shi ke buɗe rajistar 'yan takara, ya ƙayyade ranakun yaƙin neman zaɓe da abin da aka halatta a kashe, ya hukunta wanda ya karya doka, ya bayyana sakamako. Sharaɗinsa kuwa kada ya kasance ɗan takara ko mai yi wa wani kamfe. A wasu ƙungiyoyin, ko da mutum ɗaya ne tak ya fito neman kujera, ba a cewa ya ci babu hamayya, sai an sa sunansa a takarda an tambayi jama'a ko sun yarda da shi ko a sake buɗe takara, kuma wannan ƙa'ida ta burge ni ƙwarai, saboda ta toshe ƙofar da 'yan uwa da abokai ke bi su raba muƙamai tsakaninsu a ɗaki kafin ranar zaɓe. Na uku mai karɓar koke, wanda ɗalibi zai je wurinsa a asirce in yana ganin wani mai muƙami ya zalunce shi.

Zaman majalisar kansa yana tafiya ne bisa wani littafin ƙa'idojin taro wanda ya shahara a Amurka da Kanada, wanda kuma, abin sha'awa, injiniya ne ya wallafa shi. Sunansa Henry Martyn Robert, hafsa a rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wanda aka taɓa roƙo ya shugabanci wani taron jama'a a wata majami'a a 1863, taron ya rikice masa, kowa na magana ba mai sauraron wani, ya fita cikin kunya da niyyar ba zai sake hawa irin wannan kujera ba sai ya san ƙa'idarta. Ya yi shekaru yana nazarin yadda majalisun dokoki suke gudana, har ya fitar da littafinsa a 1876. Manufar littafin ita ce, masu rinjaye su yanke hukunci, marasa rinjaye a saurare su har su gama, waɗanda ba su halarta ba kuma kada a yi musu yankan baya. Saboda haka ne taro ba ya ƙulluwa sai an sami adadin da doka ta ƙayyade, rufe muhawara kuma ba ya yiwuwa sai kashi biyu bisa uku na masu ƙuri'a sun yarda.

Bari mu shiga irin wannan zama mu ga abin da ido. Ku ɗauka wani maraice ne na hunturu, an tashi daga darasi, wakilai sun taru a wani ɗakin karatu, kowa da kwamfutarsa a gaba da rigar sanyinsa rataye a bayan kujera. Magatakarda ya kira sunaye, ya ƙirga, ya shaida wa kakaki cewa adadi ya cika. Aka karanta bayanan zaman da ya gabata, wani ya ɗaga hannu ya ce an rubuta ƙuri'arsa ba daidai ba, aka gyara, aka amince. Sa'an nan aka zo kan buƙatar wata tawagar ɗalibai masu ƙera kwalekwale da kankare, gama akwai gasa ta musamman da jami'o'i ke yi a kan haka, inda ake gwada wanda zai haɗa kankare mai sauƙin nauyi har ya taso a kan ruwa a tuƙa shi. Wakiliyar tawagar ta miƙe da takardarta, ta zayyana kuɗin siminti, da na katakon da za a yi ƙwarangwal, da na hayar motar da za ta ja kwalekwalen zuwa wurin gasa. Wani wakili ya gabatar da ƙudirin a ba su, wani ya mara masa baya, domin ƙudirin da bai sami mai mara masa baya ba ba a ko tattauna shi. Mataimakin shugaba na kuɗi ya tambaya ina rasidan abin da aka ba su bara, ta nuna. Wani ya kawo gyara, cewa a cire kuɗin masauki, tun da ba a biya wa sauran tawagogi ba. Aka fara jefa ƙuri'a a kan gyaran, sa'an nan a kan ƙudirin kamar yadda aka gyara shi. Wani wakili da yake shi ma ɗan tawagar ne ya bayyana haka tun kafin a soma, ya kame hannunsa bai jefa ba. Magatakarda ya rubuta masu goyon baya, da masu adawa, da wanda ya ƙaurace, bayan 'yan kwanaki kuma aka sa bayanan a intanet inda kowane ɗalibi zai iya karantawa. Mai gaggawa zai ce an ɓata sa'a guda a kan abin da mutum ɗaya zai yanke cikin minti biyu, amma bayan shekara uku, sa'ad da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan wakilai a makarantar, sabon ma'aji zai buɗe wannan takarda ya ga abin da aka yi da hujjar yin sa, ya yi wa tawaga ta gaba adalci da ma'auni guda.

Mu zo ga dukiya, wadda ita ce wurin da amana ke tabbata ko ta warware. Ƙungiya ba ta bin ɗalibai aji aji tana karɓar kuɗi a hannu. Jami'a ce ke karɓa tare da kuɗin makaranta, sa'an nan ta miƙa wa ƙungiya kashi kashi, bisa sharuɗɗa. A Jami'ar Toronto sharuɗɗan sun haɗa da cewa ƙungiya ta gudana a fili, ƙofarta a buɗe ga kowane ɗanta, bisa tafarkin zaɓe, ta kuma kawo rahoton kuɗinta na shekara wanda ƙwararren mai binciken kuɗi daga waje ya duba. In ta kasa, jami'a na da ikon riƙe kason da ya rage. Ƙarin kuɗin ƙungiya kuma, in ya wuce ɗan abin da tsadar rayuwa ta wajabta, ba ya yiwuwa sai an yi ƙuri'ar raba-gardama, waɗanda za su biya sun ce sun yarda. A cikin gida kuwa al'adar da aka saba ita ce ceki ba ya fita da sa hannun mutum ɗaya, wanda ya yi wa ƙungiya sayayya kuma sai ya kawo rasidi kafin a mayar masa da kuɗinsa. Akwai kuma ma'aikacin ofis na dindindin, wanda ba ɗalibi ba ne, mai riƙe da littattafan lissafi shekara bayan shekara. Ba shi da ƙuri'a a majalisa, ɗaliban ne iyayen gidansa, amma shi ne yake tuna wa sabon ma'aji ranar biyan inshora da ranar zuwan mai bincike.

Wani zai ce, ashe ba su yarda da juna ba ke nan? Amsar wannan tana cikin tarbiyyar sana'arsu, kuma da wuya ka sami ɗalibin injiniya a Kanada da bai ji labarin gadar Kebek ba. A farkon ƙarnin da ya wuce aka ɗauki aikin gina wata gagarumar gadar ƙarfe a kan kogin Saint Lawrence, aka damƙa kulawa da zanenta ga wani mashahurin injiniya mai suna Theodore Cooper, mutum mai shekaru da daraja, wanda yake zaune a birnin New York, bai cika zuwa wurin aikin ba. Aka ƙara tsawon tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa ƙafa 1,800, amma ba a koma an sake lissafin nauyin ƙarfenta yadda ya kamata ba, da aka kawo shawarar a sa wani injiniya dabam ya bi zanen da ido kuwa sai Cooper ya ƙi. Da ƙarafan ƙasa suka fara lanƙwashewa, wani matashin injiniya da ke wurin ya tafi har New York ya gaya masa, aka buga waya cewa kada a ƙara wa gadar nauyi, amma saƙon bai kai ga ma'aikata a kan kari ba. Ranar 29 ga Agusta, 1907, da yamma, gadar ta rufta cikin kogi, mutum 75 suka hallaka, 33 daga cikinsu maƙeran ƙarfe ne 'yan ƙabilar Mohawk. Cooper ba ɓarawo ba ne, ba kuwa jahili ba. Gwani ne wanda girmansa ya hana a duba aikinsa. Wanda aka rena da wannan labari ba ya ɗaukar sake duba lissafinsa a matsayin zargi, haka nan ba ya jin haushi don an ce abokinsa ya sa hannu a ceki tare da shi.

Shi kuwa Haultain, wancan saurayi da ya fara shugabancin ƙungiya daga cikin ɗalibai, ya girma ya zama farfesan haƙar ma'adinai a jami'ar tasa, shi ne kuma a 1922 ya kawo shawarar a tsara wani alkawari da sababbin injiniyoyi za su riƙa ɗauka. Marubucin nan na Ingila, Rudyard Kipling, ya tsara lafazinsa, aka yi bikin farko a Montreal a 1925, tun daga nan kuma injiniyoyin Kanada suke sa zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi. Ana yawan cewa da ƙarfen gadar da ta faɗi aka ƙera zobban farko, amma wannan zance ba shi da tushe. Bikin ma ba ƙungiyar ɗalibai ke gudanar da shi ba, wata hukuma ce ta dabam.

Yanzu mu matsa yamma kaɗan zuwa Jami'ar Waterloo, inda matsalar wucewar mutane ta kai matuƙa. An kafa wannan jami'a a 1957 bisa wani tsari da ba a saba da shi ba a ƙasar a lokacin, wato ɗalibin injiniya ya yi zango ɗaya a aji, ya tafi ya yi zango ɗaya yana aiki a masana'anta ko kamfani ana biyansa, ya komo, haka dai har ya gama. Ma'anar wannan ita ce, duk bayan wata huɗu jama'ar makaranta sai ta sauya, wanda ke nan a kaka ya tafi a hunturu. Yaya za a yi shugaba ya mulki mutane alhali rabin lokacinsa yana wani gari? Dabarar da suka yi ita ce suka raba ƙungiyar gida biyu, suka kira ɗaya A, ɗaya B, kowace da shugabanninta, suna karɓa-karɓa: wadda 'yanta ke makaranta ita ke riƙe da ofis da kanti a wannan zango, ɗayar tana jira, in zango ya ƙare a miƙa mata. Kundinsu kuwa ɗaya ne, abin da ya shafi ɓangarorin biyu kuma sai an yi taron haɗin gwiwa. Irin wannan tsari ba ya yiwuwa sai miƙa aiki ya zama ɗabi'a, kowane mai muƙami ya rubuta wa magajinsa abin da ya tarar, da abin da ya yi, da abin da ya gagare shi, da bashin da ake bi da wanda ake bin su, tun kafin ya ɗaure kayansa.

A wannan jami'a ne kuma ɗalibai suka yi wani abu wanda, in da hali, da na so kowane ɗalibi mai saurarona ya riƙe shi. A 1990, ganin cewa kayan ɗakunan gwaje-gwajensu sun tsufa, kuɗin gwamnati kuma ba ya isa, sai suka kafa wani asusu na waƙafi, inda kowane ɗalibi yake ba da dala 75 a zangon karatu, wanda bai so ba kuma yana da damar a mayar masa da abinsa. Uwar kuɗin ba a taɓa ta, ana juya ta ne, abin da ta haifar shi ake rabawa. Masu rabon kuwa wakilan azuzuwa ne, har ya zama malami, ko da farfesa ne, in yana son sabuwar na'ura domin koyarwa, sai ya rubuto buƙatarsa ya zo gaban ɗalibai ya kare ta. Waɗanda suka assasa wannan asusu sun san sarai cewa za su gama karatu kafin ya yi kauri, amfaninsa na waɗanda ba su ma shigo ba ne, suka kuma yi.

Kada wannan zance na kuɗi ya sa mu manta da abin da ya kawo ɗalibi makaranta. Mataimakin shugaba na harkar karatu da wakilan azuzuwa suna zama a majalisar tsangaya da kwamitocinta tare da malamai, inda ake tattauna manhaja, da jadawalin jarrabawa, da dokokin ci da faɗuwa. In jarrabawa uku masu nauyi suka taru a mako guda, ko wani darasi ya gagari aji baki ɗaya, wakilin aji ne zai tattara koke, ya rubuta shi da hujjoji, ya bi da shi ta hanyar da aka tanada, kuma sau da yawa gyara kan samu tun kafin abin ya zama fitina. Ƙungiyoyin jami'o'i dabam dabam kuma suna da majalisar lardi da tarayya ta ƙasa baki ɗaya, inda suke haɗuwa su koyi dabarun juna, su shirya gasar injiniyanci.

Mu ma a nan gida wannan al'amari ba baƙo ba ne, domin tsangayoyin injiniya na jami'o'in Nijeriya suna da ƙungiyarsu da aka sani da NUESA, da ƙananan ƙungiyoyi na sassa, kuma tun 1973 akwai shirin SIWES da ke fitar da ɗalibai zuwa masana'antu, har 'yan aji huɗu su yi wata shida ba sa makaranta. Su ne kuwa waɗanda suka fi gogewa bayan 'yan ajin ƙarshe, su za su komo su karɓi ragama. Saboda haka mas'alar da Waterloo ta warware da rubutacciyar takardar miƙa aiki tana gaban 'ya'yanmu su ma, ina kuma roƙon duk wanda ke riƙe da muƙami a irin wannan ƙungiya, ko na ma'aji ne ko na magatakarda, ya sayi littafi tun ranar rantsuwa ya soma rubutawa.

Ba zan ɓoye muku aibin abin ba. Sau da yawa masu fitowa zaɓe kaɗan ne, domin karatun injiniya ba ya barin mutum ya numfasa, sai aiki ya taru a kan 'yan tsiraru waɗanda ke kwana a ofis har karatunsu ya raunana, wasu kuma su zama tamkar gungu wanda baƙo ke jin nauyin kusanta. Akwai kuma al'adun shaye-shaye da wasannin rashin kunya da suka daɗe manne da bukukuwan waɗannan ƙungiyoyi, waɗanda suka sa mata da yawa, da ɗalibai Musulmi, da wasu ma da ba Musulmi ba, suka riƙa ja da baya. Wannan ba abin koyi ba ne ko kaɗan. Abin lura dai shi ne, gyaran da aka samu, kamar shirya taruka marasa giya da rubuta dokokin ladabi ga masu tarbar sababbin ɗalibai, ta wannan majalisa ya biyo, wani ya kawo ƙudiri, wani ya mara masa baya, aka yi gardama, aka ƙirga hannuwa.

Jarrabawa mafi tsanani a 'yan shekarun nan daga waje ta zo. A watan Janairu na 2019 gwamnatin Ontariyo, a ƙarƙashin Doug Ford, ta ba da umarnin cewa kuɗaɗen ƙungiyoyin ɗalibai, ban da waɗanda ta ɗauka na larura ne, su zama ganin dama, wanda ya so ya biya, wanda bai so ba ya cire. Da zangon Satumba ya kama, ma'ajin kowace ƙungiya ya wayi gari bai san abin da zai shigo asusu ba sai an gama rajista, aka tsuke kasafi, jaridun ɗalibai da ƙananan ƙungiyoyi suka ji jiki, shugabanni suka shiga azuzuwa suna bayyana wa jama'a inda kowace dala ke tafiya, waɗanda littattafansu ke a fili kuwa su ne suka sami abin nunawa. Tarayyar ɗaliban Kanada da ƙungiyar ɗaliban Jami'ar York suka kai ƙara, a watan Nuwamba na 2019 kotu ta soke umarnin, bisa hujjar cewa dokokin da suka kafa jami'o'in sun ba su ikon tafiyar da al'amuransu na cikin gida, minista ba shi da hurumin shiga. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, a watan Agusta na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da hukuncin farko, jami'o'i suka ci gaba da karɓar kuɗin suna miƙa wa ƙungiyoyi bisa sharuɗɗan da muka ambata.